Hanyar Tsara Takardun Aikin Fasaha

Lacca domin wayar da kan jama'a

GABATARWA

Da wuya a ga sabuwar na'ura ta shigo ƙasar nan ba tare da takarda ba. Injin ban ruwa yana zuwa da ɗan littafinsa, haka janareta, haka injin niƙa da tarakta da na'urorin asibiti. Kwalbar maganin feshi tana ɗauke da rubutu a jikinta, kwalin magani kuma da 'yar takarda a naɗe a cikinsa. A ma'aikatu da kamfanoni akwai littattafan ƙa'idojin aiki, da rahotannin injiniyoyi, da takardun da ke bayyana yadda za a gyara abu in ya lalace. Duk waɗannan su ake kira takardun aikin fasaha.

Wanda ya ɗauki irin wannan takarda yana da aiki a gabansa. Sau da yawa hannunsa duk baƙin mai ne, ana jiransa, kuma tambaya ɗaya tak ce a ransa. In bai ga amsarta nan da nan ba, sai ya ajiye takardar ya koma ga kintace. Daga nan ne inji ke ƙonewa, magani ya wuce kima, dukiyar jama'a ta salwanta, wani lokaci ma har a rasa rai.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana wata hanya da masana suka tsara domin rubuta waɗannan takardu yadda mai aiki zai sami abin da yake nema cikin sauri, ya kuma fahimce shi daidai. Hanyar tana da matakai uku, watau nazarin bayani, da tsara shi, da shimfiɗa shi a kan shafi. Kafin a shiga cikinsu, yana da kyau a dubi irin ɓarnar da takarda marar tsari take iya jawowa.

ABIN DA YA FARU A AMURKA A 1979

A watan Satumba na 1977, a tashar lantarki ta nukiliya da ke Davis-Besse cikin jihar Ohio ta Amurka, wani bawul mai rage ƙarfin tururi ya buɗe ya ƙi rufuwa, ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliyar ya riƙa zurarewa. Famfunan gaggawa suka tashi da kansu domin su mayar da ruwa, amma ma'aikatan da ke bakin aiki suka kashe su, saboda ma'aunin da ke gabansu ya nuna kamar ruwa ya cika. An yi sa'a a ranar tukunyar ba ta aiki da cikakken ƙarfinta, kuma bayan kamar minti 20 ma'aikatan suka gane matsalar suka toshe hanyar.

Injiniyoyin kamfanin Babcock & Wilcox, wanda ya ƙera tukunyar, sun hango hatsarin. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta takarda a watan Nuwamba na 1977, wani ya sake rubutawa a watan Fabrairu na 1978, yana gargaɗin cewa in aka maimaita wannan kuskure sa'ad da tukunya take aiki sosai, abin zai yi muni. Takardun suka yi ta yawo daga tebur zuwa tebur a cikin kamfanin, umarnin bai kai ga tashoshin da ke bukatarsa ba.

Ran 28 ga watan Maris na 1979, a tashar Three Mile Island kusa da birnin Harrisburg, irin wannan bawul ya maƙale a buɗe. Ma'aikata suka rage ruwan gaggawa kamar yadda 'yan'uwansu na Ohio suka yi, kusan rabin zuciyar tukunyar ya narke. Mutane wajen 140,000 suka bar gidajensu na ɗan lokaci. Aikin share wurin bai ƙare ba sai a 1993, ya kuma ci kusan dala miliyan dubu ɗaya.

Kwamitin bincike da Shugaba Jimmy Carter ya kafa ƙarƙashin John Kemeny ya gano dalilai masu yawa, har da ƙarancin horo da rashin kyan tsarin ɗakin sarrafa na'urori. Amma ya kuma nuna cewa rubutattun matakan aikin da ma'aikatan suke bi suna da ruɗarwa, har ana iya karanta su ta yadda za su kai mutum ga kuskuren da aka yi. Watau dai akwai waɗanda suka san gaskiyar al'amarin, sai dai saninsu bai isa hannun mai aiki a siffar da zai amfane shi ba.

MAFARIN HANYAR

Wanda ya fara tsara hanyar da ake magana a kanta wani masani ne Ba'amurke mai suna Robert Horn, wanda ya koyar a jami'o'in Harvard da Columbia. Ya fara aikin a 1965, ya kafa kamfani a 1967, sa'an nan a 1969 shi da abokan aikinsa suka fitar da rahoto a kan hanyar, cikin wani bincike da rundunar sojan sama ta Amurka ta ɗauki nauyinsa. Sunan da ya ba ta da Turanci shi ne Information Mapping, ma'ana zana taswirar bayani. Kamar yadda matafiyi yake duban taswira ya ga garin da yake nema ba sai ya bi kowace hanya ba, haka ake son mai karatu ya dubi shafi ya ga inda amsarsa take.

Abin da Horn ya lura da shi shi ne, sakin layi irin wanda aka saba da shi a makaranta ba ya da iyaka sananniya. Marubuci yana iya cusa umarni da tarihi da gargaɗi da lissafi duk a cikin sakin layi guda, ba wanda zai ce ya karya doka. Saboda haka ya kawo shawarar a maye gurbinsa da ɗan ƙaramin yanki mai magana ɗaya, mai ɗauke da takensa. A wannan lacca za a kira wannan yanki tubalin bayani, domin da irinsa ake gina takarda kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Tarin tubala masu magana a kan batu guda shi ake kira taswira, kuma yawanci takan cika shafi ɗaya ko biyu.

MATAKI NA FARKO: NAZARI

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Marubucin da ya zauna ya fara zuba abin da ya sani ba tare da nazari ba, zai rubuta takardar da ta dace da shi kaɗai. Kafin ya sa alƙalami a takarda, lalle ne ya amsa tambayoyi biyu. Ta farko, wane ne zai karanta, mene ne zurfin saninsa, kuma a wane hali zai kasance sa'ad da yake karantawa? Injiniyan da ke zaune a ofis da yaron shago da ke durƙushe gaban inji ba bukatarsu ɗaya ba. Ta biyu, me ake so ya iya yi bayan ya gama karantawa? Duk bayanin da ba ya taimaka masa wajen yin wannan abu, a cire shi, kome daɗinsa ga marubuci.

Bayan wannan sai rarraba bayanin da aka tattara. Da fari Horn ya lissafa iri bakwai, amma waɗanda aka fi koyarwa shida ne, kowane da tambayar da yake amsawa:

1. Matakan aiki. Yana amsa tambayar yaya ake yin abu. Misali, yadda ake canja baƙin mai a janareta.

2. Gudanar al'amari. Yana bayyana abin da ke faruwa daki-daki, ko a cikin na'ura ko a cikin ma'aikata. Misali, yadda fayil yake tafiya daga wurin rajista har a sa masa hannu.

3. Ƙa'ida. Tana faɗin abin da tilas a yi ko tilas a bari. Dokoki da gargaɗi suna cikin wannan kashi. Misali, kada a fesa maganin ƙwari ana fuskantar iska.

4. Ma'ana. Tana amsa tambayar mene ne wannan abu, kuma da me ya bambanta da waninsa.

5. Ƙira. Tana nuna yadda abu yake da sunayen sassansa.

6. Tabbataccen bayani. Nan ne ake sa adadi da awo da kwanan wata, kamar yawan litar da tanki yake ɗauka.

Muhimmancin wannan rabo yana fitowa fili in aka kwatanta na farko da na biyu. Matakan aiki na wanda zai yi aikin ne da hannunsa, saboda haka ana rubuta su da sigar umarni. Gudanar al'amari kuwa ta wanda yake son ya gane abin ce, ana rubuta ta da sigar ba da labari. In aka cakuɗa su, mai karatu ba zai san wanne ne aikinsa ba, wanne ne na'ura take yi da kanta, wanne ne kuma aikin wani ma'aikacin dabam. Yawancin ruɗanin da ke cikin littattafan ƙa'idojin aiki daga wannan cakuɗawa yake tasowa.

MATAKI NA BIYU: TSARAWA

In an gama nazari sai gini. Akwai ƙa'idoji da marubuci zai bi wajen jera tubalansa.

Ta farko ita ce gutsuttsurawa. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam, George Miller, ya bayyana cewa abubuwan da mutum yake iya riƙewa a kansa a lokaci guda kamar bakwai ne, a ƙara biyu ko a rage biyu. A kan wannan Horn ya kafa ƙa'idar cewa tubali kada ya wuce jimloli tara, taswira kuma kada ta wuce tubala tara. Binciken baya, musamman na Nelson Cowan a 2001, ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu. Wannan ƙarin dalili ne na taƙaitawa. Kowa ya san yadda ake karanta lambar waya kashi-kashi domin mai saurare ya riƙe, to haka bayani ma yake.

Ta biyu ita ce haɗa abin da ya dace da juna. Tubali ɗaya, magana ɗaya, iri ɗaya. In ana lissafa matakan tayar da inji, tarihin kamfanin da ya ƙera shi ba ya da gurbi a nan.

Ta uku ita ce sa take. Kowane tubali da kowace taswira su sami take gajere da ke faɗin abin da ke ciki. Take irin su "Ƙarin bayani" ko "Waɗansu abubuwa" ba ya gaya wa kowa kome. "Abin da za a yi in inji ya ƙi tashi" shi ne take mai amfani, domin da kalmomin da ke ran mai nema aka rubuta shi.

Ta huɗu ita ce daidaito. A rubutun adabi ana yaba wa marubucin da ya iya sauya kalmomi, amma a takardar fasaha sauyin kalma tarko ne. In an kira wani sashe murfi a shafi na biyu, kada a kira shi marufi ko hula a shafi na tara, domin mai karatu zai zaci abubuwa dabam-dabam ne. Haka ma awo. Ran 23 ga watan Yuli na 1983, wani jirgin saman kamfanin Air Canada samfurin Boeing 767 ya tsaya cak da rashin mai yana sama, saboda an lissafa man da laba alhali na'urar jirgin da kilo take aiki. Ƙasa da rabin man da ake bukata aka tashi da shi. Matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har suka sauka a wani tsohon filin soja a Gimli, ba a rasa rai ba. A nan gida ma an san mudu da tiya suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, cokali ma akwai babba akwai ƙarami. Takardar da ta ce a zuba taki mudu ɗaya, ko a sha magani cokali biyu, ba ta gama magana ba sai ta faɗi kilo nawa ko mililita nawa.

Ta biyar ita ce sa hoto a inda maganarsa take. Gani ya kori ji, amma hoton da aka kai ƙarshen littafi, mai karatu yana juya shafi gaba da baya kafin ya haɗa shi da bayaninsa, ya rage amfani ƙwarai.

Ta shida ita ce kawo cikakken bayani kusa. Kada a ce wa mai karatu ya nemi adadi a wata takarda wadda wataƙila ba ya da ita. A sa taƙaitawa a sama domin gwani, a sa filla-filla a ƙarƙashinta domin mai koyo, kowa ya ɗauki gwargwadon bukatarsa.

Ta bakwai ita ce hawa-hawa. Tubala su haɗu su zama taswira, taswirori su zama babi, babi-babi su zama littafi, kowane hawa da takensa. In aka yi haka, jerin abubuwan da ke ciki a farkon littafi yakan isa ya kai mutum inda za shi.

MATAKI NA UKU: SHIMFIƊAWA A KAN SHAFI

Kowane irin bayani yana da siffar da ta fi dacewa da shi. Matakan aiki a jera su da lambobi, kowace lamba aiki ɗaya, a bi da bi kamar yadda za a yi su. In akwai zaɓi, a yi jadawali mai ginshiƙi biyu, ɗaya yana faɗin halin da aka tarar, ɗayan yana faɗin abin da za a yi. Gudanar al'amari a nuna ta da zane mai kibiyoyi ko jadawalin da ke faɗin wa ke yin me. Ƙira tana son hoto mai sunayen sassa. Adadi da awo su shiga jadawali. Ma'ana ta zo da misali, in da hali har da misalin abin da ya yi kama da ita amma ba ita ba ne.

Gargaɗi yana da doka ta musamman: ya zo kafin matakin da yake magana a kansa, cikin akwati ko da manyan baƙaƙe, ya faɗi abin da za a guje wa da abin da zai faru in an ƙi. Mai aiki yakan karanta layi ya aikata, sa'an nan ya koma na gaba. Gargaɗin da aka sa bayan matakin ya zama ihu bayan hari.

A takardun da aka tsara bisa wannan hanya, akan sa take a gefen hagu na shafi, bayani a dama, a ja siririn layi tsakanin tubali da tubali. Ido sai ya bi gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya inda yake so. Farin wurin da aka bari a shafi yana daga cikin abin da ke sa a gani, saboda haka bai kamata a cushe rubutu domin tattalin takarda ba.

MISALI DA INJIN BAN RUWA

Ga yadda ake yawan ganin bayani a irin littattafan da ba a tsara ba:

"Wannan inji yana jan ruwa ne ta juyawar farfelar da ke cikin gidan famfo, kuma bayan an haɗa mesa an ja igiya zai fara aiki, ko da yake ana so a buɗe fetur a ja cok tukuna in injin ya yi sanyi, kuma ya kamata a sani ba ya jan ruwan da ya yi nisa ƙwarai a ƙasa, sa'an nan a kula da baƙin mai, kada kuma a manta rashin ruwa a gidan famfo yana lalata sil."

Ba ƙarya a cikin wannan jimla. Amma ta haɗa iri huɗu na bayani, matakan ba a jere suke ba, nisan ruwan ba a faɗi mita nawa ba ne, kuma abin da ya fi kome muhimmanci shi ne a ƙarshe. Manomin da ya bi ta layi-layi zai ja igiya kafin ya kai ga maganar sil. Ga yadda za ta zama in an bi matakan nan uku:

Gargaɗi kafin a tayar da inji

Kada a tayar da shi gidan famfo ba ruwa. Sil zai yi zafi ya lalace.
Kada a tayar da shi a cikin ɗaki ko rufaffen wuri. Akwai iska mai guba a hayaƙinsa wadda ba a ganinta, ba a jin warinta, tana kuwa kisa.
Kada a zuba fetur yana aiki ko yana da zafi. Zai iya kama wuta.

Matakan tayarwa

1. A ajiye injin a shimfiɗaɗɗen wuri kusa da ruwa.
2. A duba baƙin mai. In bai kai alama ba, a ƙara.
3. A ɗaure mesar ja da mesar fitarwa tam, a nutsa bakin mai rariya cikin ruwa.
4. A buɗe murfin da ke saman gidan famfo, a cika shi da ruwa, a rufe.
5. A buɗe fetur, a kunna makunni.
6. In injin da sanyi, a ja cok.
7. A ja igiya.
8. Da zarar ya tashi, a mayar da cok sannu a hankali.

Yadda ruwa yake hawa

Farfela tana juyawa ta wurga ruwan da ke gidan famfo waje. Matsi ya ragu a cikin mesar ja. Nauyin iskar da ke danne fuskar kogi ko rijiya ya tura ruwa ya hau cikin mesar.

Iyakar tsayin ja

Daga fuskar ruwa zuwa inji kada ya wuce mita 7 zuwa 8. A tudu mai tsayi kamar Jos abin yana raguwa, domin nauyin iska ya fi sauƙi a can.

Takardar ta ƙara tsawo, amma yanzu mai son tayar da inji ya san inda zai duba, mai son sanin dalili ma ya san nasa wurin.

GWAJI DA IYAKAR HANYAR

Kome kyan tsari, takarda ba ta kammala sai an gwada ta. A miƙa ta ga mutum irin wanda aka rubuta dominsa, a bar shi ya yi aikin, marubuci ya tsaya gefe ya yi shiru yana kallo. Duk inda mutumin ya tsaya yana waige-waige, nan ne wurin gyara, kuma laifin na takarda ne.

Amfanin irin wannan tsari ya bayyana a fannoni da yawa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa mai abubuwa 19 domin masu aikin tiyata, ta kasa ta kashi uku: kafin a sa majiyyaci barci, kafin a fara yanka, da kafin ya bar ɗakin tiyata. A gwajin da aka yi a asibitoci 8, wanda aka buga sakamakonsa a 2009, mace-mace sun ragu daga 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Amma wani bincike a lardin Ontario na Kanada, wanda aka buga a 2014, bai ga raguwa ta a zo a gani ba bayan an wajabta takardar a asibitoci. Wannan yana nuna cewa takarda tana bukatar horo da kulawar shugabanni kafin ta yi aikinta.

Haka kuma ra'ayin rarraba bayani iri-iri ya shiga tsare-tsaren kwamfuta. Kamfanin IBM ya fito da wani tsari mai suna DITA a 2001, wanda ya zama ma'auni na kowa a 2005, inda ake rubuta kowane yanki sau ɗaya a yi amfani da shi a littattafai da yawa. Masu ƙera jiragen sama a Turai kuwa tun 1986 suka fitar da ƙa'idojin sauƙaƙƙen Turanci domin littattafan gyaran jirgi, saboda yawancin makanikan duniya ba Turanci ne harshensu na gida ba. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, inda littattafan na'urori suke zuwa da Turanci. Gajeren tubali mai magana ɗaya ya fi sauƙin juyawa zuwa Hausa ko Yarabanci ko Ibo fiye da doguwar jimla mai rassa.

Duk da haka hanyar tana da iyaka. Ba ta dace da labari ba, ko muhawarar da hujja take bin hujja, domin gutsuttsurawa yana iya tsinke zaren da ya haɗa dalili da sakamakonsa. Tana kuma cin lokaci a farko, tana ƙara yawan shafuka. Sa'an nan ba ta mayar da kuskure daidai: in adadin da injiniya ya bayar ba daidai ba ne, jadawali mai kyau zai ƙara masa kwarjini ne kawai.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Jami'in da ke sayen kayan aiki domin ma'aikata ko ƙaramar hukuma, ya sa littafin jagora cikin sharuɗɗan ciniki, ya duba shi kafin ya sa hannu a kan takardar karɓa. Shugaban sashe ya tabbata littafin yana kusa da na'ura inda masu aiki za su kai gare shi, kada a kulle shi a aljihun tebur. Kowace takarda ta ɗauki kwanan watan da aka rubuta ta, in an sabunta a janye tsohuwar, domin kada biyu su riƙa yawo tare.

Injiniya ko ma'aikacin lafiya ko malamin gona da ya hango hatsari, ya sa maganar a layin farko na takardarsa, ya faɗi abin da yake so a yi, da wanda zai yi, da ranar da za a yi, sa'an nan ya bi sawu har ya ga ta isa. Manomi da makanike da uwar da aka ba maganin ɗanta, su karanta gargaɗi kafin kome, wanda bai iya karatu ba ya nemi a karanta masa. In aka tarar da wurin da ba a gane ba, a koma ga wanda ya ba da takardar a tambaya kafin a taɓa kome, domin matambayi ba ya ɓata, kuma da irin waɗannan tambayoyi ne ake gyara bugu na gaba.